Tsofaffin Fistul na Soja da Masu Tara Su a Amurka

A shekarar 2018 rundunar sojan Amurka ta fitar da tsofaffin ƙananan bindigogi 8,000 daga rumbunta, ta miƙa su ga wata hukuma da ake kira CMP, mai ofis a Anniston ta jihar Alabama, domin a sayar wa farar hula. Masu so sun yi yawa har sai da aka yi ƙuri'a kan wanda za a fara kira. Farashi a lokacin daga dala 850 ne zuwa 1,050, gwargwadon lafiyar bindigar, alhali da kuɗin da bai kai haka ba mutum zai sayi sabuwa fil mai irin wannan ƙira a kanti. Masu sayen nan ba abin harbi suka rasa ba. Tarihi suke saye, kuma tarihin yana rubuce a jikin ƙarfen.

Bindigar ita ce M1911, ƙirar John Browning, wadda sojan Amurka suka karɓa a 1911 suka riƙe har 1985, lokacin da Beretta ta Italiya ta gaje ta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun daga 1945 gwamnati ba ta ƙara yin odar sababbi masu yawa ba. Sojan da ya je Koriya ko Biyetnam, bindigar Yaƙin Duniya na Biyu ce a ƙugunsa, wani lokaci ma ta na farko. Garambawul ne ya raya su.

Ga yadda ake yi. A masana'antun gyaran makamai na soja, irin na Rock Island da Augusta da Anniston, akan warware bindigogi ɗaruruwa a lokaci guda, a ware sassa iri-iri, a zubar da waɗanda suka cinye, a tsoma sauran a wani ruwan sinadari da ke ba ƙarfe launin toka-toka ya kuma hana shi tsatsa. Wajen haɗawa babu wanda ya damu da wane sashe ne na wace bindiga. Duk wanda ya zauna daidai, shi ke nan. Daga ƙarshe a buga haruffan masana'antar a jiki: RIA, ko AA, ko ANAD. Kamar dai tsohuwar motar haya ce da ta sha hannun kanikawa, injin wata, ƙofar wata, amma tana kai mutum gari.

Wannan haɗe-haɗe ya yiwu ne saboda yadda aka ƙera su tun farko. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi, kamfanin Colt ya kasa biyan buƙata shi kaɗai, sai aka rarraba aikin bisa awo ɗaya. Remington Rand, kamfanin tafireta, shi ya fi kowa ƙerawa, kusan 900,000. Union Switch & Signal, mai yin alamun hanyar jirgin ƙasa, ya yi nasa kaso. Har Singer, mai keken ɗinkin nan da kowane tela ya sani, ya ƙera guda 500 kacal kafin a ba shi wani aikin. Ƙarancinsu ya sa yau sun zama zinariya: a 2017 an sayar da guda ɗaya a gwanjo kan kuɗin da ya haura dala 400,000.

A nan ne masu tarawa suka rabu biyu. Akwai masu neman wadda ba a taɓa ba, kowane sashe nata ne na asali, launinta na ranar da ta fito daga masana'anta. A wurinsu hatimin garambawul aibi ne, kuma kasuwa tana bayansu, domin irin wannan takan ninka kuɗin wadda aka gyara. Ni dai a ganina ɗaya ɓangaren, masu daraja wadda aka yi wa garambawul, ya fi kusa da gaskiya. Bindigar da ta tsira ba a taɓa ta ba, galibi wadda ta kwana a aljihun tebur ce, ko wadda wani soja ya ɓoye ya tafi da ita gida. Wadda ke da gangar Colt da saman Remington Rand da hatimin Anniston ita ce ta yi aikin soja na shekara arba'in.

Tarayyar Sobiyet ma ta yi nata garambawul ɗin, mai yawan gaske. Bayan 1945 ta tattara libarba ƙirar Nagant mai cin harsashi bakwai, da Tokarev, da kuma Luger da P38 da ta ƙwace daga Jamusawa, ta gyara su, ta shafe da giris, ta jibge a akwatuna tana jiran wani yaƙin da bai zo ba. Waɗanda aka ƙwace akan buga musu alamar X, kuma idan lambar wani sashe ta saɓa da ta gangar, sai a zana sabuwa da alƙalamin lantarki. Da Tarayyar ta rushe a 1991 akwatunan suka fara fita kasuwa, har aka yi lokacin da ake samun Nagant a Amurka kan kusan dala 100. Dokar Amurka ta 1968 ta rufe ƙofar shigo da rarar makaman soja, gyaran 1984 ne ya buɗe ta ga waɗanda ake ɗauka kayan tarihi, kuma dole kamfanin da ya shigo da bindiga ya buga sunansa a jikinta, abin da masu tarawa ke ƙin jinin gani.

Inda kuɗi ya rataya a kan hatimi, jabu ba ya nisa. Akwai masu goge alamar garambawul su sake rina ƙarfen su ce na asali ne, da masu buga hatimin gaggafar Jamus a bindigar da ba ta taɓa ganin Jamus ba. Shi ya sa ƙwararru ke yawo da madubin ƙara girma da littattafan jerin lambobi. Harafin da gefensa ya lafe, alama ce an bi ta kansa da abin gogewa, kuma lamba takan faɗi shekara da kamfanin da ya kamata a gani.

Kada wani ya zaci kasuwar sakaka ce. Mai sayen bindigar CMP sai ya zama ɗan ƙasa, ɗan wata ƙungiya da hukumar ta sani, a binciki tarihinsa, kuma ba a kai masa gida, sai ta hannun dillali mai lasisi. Duk da haka, a Amurkar ma akwai masu ganin bai dace gwamnati ta zuba ƙananan bindigogi cikin jama'a ba, tunda tsufa bai hana su kisa. A Birtaniya, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996, an haramta wa farar hula yawancin irin waɗannan bindigogi, sai masu sha'awar da dama suka koma tara waɗanda aka lalata yadda ba za su ƙara tashi ba. A Najeriya kuwa, dokar makamai ta 1959 ta sa fistul da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma tsufan bindiga ko darajarta ta tarihi ba ya cire ta daga wannan jeri.