Keke Ma Fasinja Ne

Ranar kasuwar Tambuwal, da la'asar sakaliya, tasha ba ta da masaka tsinke. Motocin Jega na lodi a gefe guda, masu komawa Sakkwato ta Dogon Daji da Shagari na nasu, ga kuma na Kebbe da ƙauyukanta. Cikin buhunan gero da albasa da awakin da aka ɗaure wa ƙafafu, ba ka rasa ganin wani dattijo tsaye riƙe da kan kekensa, yana jiran ɗan kamasho ya waiwayo shi.

"Baba, kai da dokinka za ku tahi?"

"Awo, yaro. Keken ga ai ba shi cin wuri."

"Ko ba shi cin wuri, kuɗinai daban, Baba."

Daga nan ciniki ya fara. Keke ba shi da farashi tsayayye kamar kujera. Abin ya danganta da nisan tafiya, da yawan kayan da ke ƙasa, da kuma ko direban ya san ka. Galibi dai kuɗin ba ya kai na mutum, amma ban taɓa ganin an ɗauke shi kyauta ba sai in mai shi malamin garin su direba ne ko surukinsa.

Baƙo zai yi mamakin abin da ke sa abin hawa ya hau abin hawa. Amsar tana ga yadda ƙasar take. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega kwalta ce, mota na gudu a kanta yadda take so. Da ka sauka daga kanta ka nufi ƙauyukan da ke ciki, sai hanyar ƙasa da burtali, da damina kuma sai laka da kwazazzabai. Mota tana ajiye mutum a bakin titi ne, sauran tafiyar ta keke ce. Mutumin wajen Kuchi ko Girkau da ya yi sammako ya tako kekensa zuwa kasuwa, in ya gama cefane ƙafa ta gaji rana kuma ta yi sanyi, sai ya saya wa kansa da kekensa rabin hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka sake fitowa, masu faci suka sami aiki, tasha ma ta ƙara ganinsu.

A ƙasashen Turai akwai ƙarfe na musamman da ake kafa wa mota a rufi ko a baya don ɗaukar keke kawai, kamfanoni irin su Thule na ƙasar Suwidin sun yi suna da wannan sana'a. A Tambuwal abin da ya tsaya a madadinsa shi ne roba, wato tsohon tib ɗin tayar mota da aka yanka siri-siri da reza. Babu but ɗin motar haya da za ka buɗe ka rasa ƙullinta. Ta fi igiya a wannan aiki saboda tana miƙewa tana komawa, duk ramin da mota ta faɗa sai ta ƙara riƙe kaya, ita kuwa igiya girgiza na sassauta ta.

A ƙaramar mota, Golf ko Sharon, but ne wurin keke, kuma shi ake sawa daga ƙarshe. Sai an jera buhuna sun zama shimfiɗa, sannan yaron mota ya ɗaga keken ya cusa tayar baya ciki, ya kwantar da shi ɓangaren sarka na kallon sama. Wannan ba don ado ba ne: baƙin man sarka in ya taɓa buhun gari ko ƙullin atamfar wata baiwar Allah, faɗan da za a yi ya fi kuɗin motar. Ƙarƙashin feda ana tura kwali ko tsohon buhu don kada ta huda kaya ko ta kankare fenti. Murfin but ba ya rufuwa, sai a sauko da shi a hankali bisa keken, a ja roba daga makullin zuwa ƙarfen ƙasa sau uku ko huɗu. Tayar gaba tana waje. In kana bin irin wannan mota a baya za ka ga tayar na juyawa ita kaɗai cikin iska, kamar keken bai yarda ya huta ba. Yaron mota mai hankali yana ɗaure ta da ɗan guntun roba, yana kuma lura kada ta rufe lamba, don 'yan Rodsefti ba su buƙatar dalilin da ya fi wannan.

A-kori-kura da Kanta, waɗanda su ne motocin 'yan kasuwar ƙauye, sun fi sauƙi. Ana rataya keke a jikin ƙarfen bodi ta waje, ko a ɗora shi can ƙololuwar kaya. In biyu ne sai a haɗa su kai da ƙafa, kan wannan wajen sirdin wancan, fedojin su shige juna. In tafiyar mai nisa ce, sai mai sifana ya sassauta kusar kan keken ya juya shi ya daidaita da jiki, ya kwance fedoji a zuba a aljihu, keke ya zama siriri kamar ƙyaure. Haka 'yan ci-rani suke yi. Mutanen ƙasar Sakkwato sun daɗe da al'adar fita bayan kaka su nufi kudu neman na kansu, kuma a da, in damina ta kawo kai, cikin abin da ake hangowa saman babbar mota akwai keken da saurayi ya sayo da guminsa, ga rediyo a hammata.

Sabon keke kuwa sarki ne. Rali, wato Raleigh na birnin Nottingham a Ingila wanda aka riƙa haɗawa a Kano, shi ne na masu hali a zamaninsa, kafin Phoenix na Sin da Hero na Indiya su cika kasuwa. Wanda ya sayo sabo a Sakkwato ko Jega ba ya yarda a cire kwali da ledar da aka naɗe ƙarafan da su, ba ya kuma yarda a ɗora komai a kansa. Wani ma biyan kujerar baya yake yi don ya zauna kusa da shi. In na yaron da ya sauke Alƙur'ani ne, labarin yana riga motar isa gari, yara na jira a bakin hanya. Ledar nan kan yi wata da watanni a jikin keken, har ta yage don kanta.

Mai keke ba ya barci a mota. Kafin a ɗora ya riga ya cire famfo da fitila, wani har da ƙararrawa. Duk inda aka tsaya sauke fasinja sai ya leƙa ta taga, in an buɗe but kuwa sai ya fito. Na koyi dalilin haka da kaina. Wata shekara na ɗora keken da wani kawuna ya ba ni aro daga Tambuwal zuwa Kebbe, na sami kujerar gaba, iska ta kaɗa ni na yi gyangyaɗi. A hanya aka tsaya aka ƙara buhun masara biyu, yaron motar bai ga inda zai sa su ba sai bisa tayar baya. Da muka isa aka sauke, taya ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ko turawa ba ta yi. Na buɗe baki zan yi magana, direban ya riga ni.

"Malam, yi haƙuri. Da ka hwaɗi tun can da mun gyara."

Mutanen da ke wurin duk suka goya masa baya, wani tsoho ma ya tambaye ni ina nake lokacin da ake lodin. A al'adar tasha, abin da ya faɗi a hanya ya ɓace na direba ne, shi da 'yan yuniyon za su san yadda za a yi. Abin da ya lanƙwashe mai shi na zaune a cikin motar, sai dai a ce Allah ya kiyaye gaba. Na saɓa keken a kafaɗa zuwa rumfar mai gyara, ya cire tayar ya dafe ta da gwiwa, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana sassautawa, yana juya ta yana kanne ido ɗaya, har aka kira magariba. Kuɗin gyaran ya ninka abin da na biya na ɗauko keken, kawuna kuwa da ya hau washegari bai yi nisa ba ya dawo ya tambaye ni wace mota na shiga.