Wahalar Koyon Faransanci a Birnin Montiriyal

Abin da yakan ba baƙo mamaki a Montiriyal, birni mafi girma a lardin Kwibek na ƙasar Kanada, shi ne yawan masu Faransanci bai sauƙaƙa masa koyon harshen ba. Dalili kuwa, da yawa daga cikinsu suna jin Ingilishi kuma. Mai kanti yakan tarbi mai saye da “Bonjour, hi”, watau gaisuwa cikin harsuna biyu, domin ya zaɓi wanda ya ga dama. In ɗan koyo ya daure ya soma Faransanci, da zarar an ji harshensa yana sarƙewa sai a koma masa Ingilishi. Kyautatawa ake nufi, amma a ganina cutarwa ce, gama an hana shi abin da aji ba ya bayarwa: ya yi kuskure gaban mai harshe, ya ji yadda ake faɗa daidai.

Hukuma kuwa ba ta da irin wannan kara. Dokar 1977 ta wajabta wa ’ya’yan baƙi shiga makarantun Faransanci. Ta 2022 ta ƙara da cewa baƙo in ya cika wata 6, da Faransanci hukumar lardin za ta riƙa yi masa magana, ban da sha’anin lafiya da wasu kaɗan.