Magani ba goro ba ne: hattara da allurar tebur

Daga Gidan Runji zuwa Tibiri, daga Cadawa zuwa Agye da Gazawa, babu kasuwar da za ta ci ba a ga mai teburin magani ba. Wani kan keke yake yawo da nashi, wani cikin tire bisa kai. Ƙwayoyi ja da fari da rawaya, ruwan kwalba na yara, har da allura. Mutane na saye don yana kusa, yana da araha, kuma mai tebur yakan ba da bashi har kaka. Amma akwai abin da ba ya faɗa ma mai saye, sau da yawa don shi kanshi bai san shi ba.

Idan damina ta yi nisa, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro takan kwantar da yara gida-gida. Uba na tsakiyar aikin gona, likita kuwa na da nisa. Sai a kira mai allura na unguwa, don mutane da yawa sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi. Har akwai wanda in ya je likita anka ba shi ƙwaya kaɗai, sai ya komo gida yana cewa ba a duba shi ba.

To ga abin da ke cikin jiki. Akwai wata babbar jijiya da ta taso daga ƙugu, ta ratsa tsakiyar ɗuwawu, ta bi bayan cinya har tafin ƙafa. Ita ke ba ƙafa motsi da ji. Ma'aikacin lafiya da ya yi karatu ya san inda take, shi ya sa yake raba ɗuwawu kashi huɗu, ya soka a kashin sama na waje. In ƙaramin yaro ne, a gefen cinya yake yi. Wanda bai sani ba kuwa tsakiya yake nufa, inda nama ya fi yawa. Yaron da ya rame ba shi da naman da zai tare allura. In ta taɓa jijiyar, ko maganin ya zuba kusa da ita, yaro zai ƙwalla ƙara nan take, bayan haka a ga ƙafa ta saki, yana jan ta ƙasa in yana tafiya. Wani yakan samu sauƙi bayan watanni, wani kuwa haka zai girma. Iyaye su ce shan inna ce, ko iska ta taɓa shi, a shiga yawon neman magani ana sai da awaki, alhali allura ce.

Allurar kinin, wadda anka fi sani da Quinimax, ta fi kowace suna wajen wannan ɓarna. Tana cin nama, tana tara ƙurji mai zurfi, kuma in anka yawaita ta a cinya guda gwiwa takan sandare. Abin ya dami likitoci har a shekarun 1990 sunka gwada ba yara kinin ta dubura a Yamai, don a rage sukar allura. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce allurar artesunat ta fi kinin ceton yaron da masassara ta yi ma tsanani. Wannan kuwa aikin likita ne, bayan an auna nauyin yaro. Masassarar da ba ta yi tsanani ba, wadda yaro ke iya haɗiye abu, ƙwayar kwana 3 ta ishe ta.

Allurar da anka soka ma wani, anka ɗauraye, anka soka ma wani, tana ɗauke da ciwon hanta da sida daga jini zuwa jini. Wanda ya ɗauka ba zai ji kome ba ranar, sai daga baya. Mai datti kuma tana kawo tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Allura sabuwa cikin ledarta take zuwa, a gaban mai ita ake buɗe ta, kuma sau ɗaya take aiki.

Akwai wadda ta fi waɗannan saurin kisa, ita ce allurar naƙuda da ake yi ma mata cikin ɗaki wai don haihuwa ta zo da wuri. Maganin yana matse mahaifa da ƙarfi. In kan jariri bai samu hanya ba, mahaifa na iya fashewa, a rasa uwa da ɗa kafin amalanke ta kai bakin kwalta. A gidan haihuwa, ungozomar likita takan yi ma mace wannan allura bayan ɗa ya faɗo, don tsai da jini. Magani guda ne, lokacin yin shi ne ya bambanta.

Ƙwayoyi ma suna da nasu. Parasetamol, wanda kowa ya raina, yana ƙona hanta in ya wuce ƙima. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 masu lamba 500 cikin yini da kwana, kuma a bar awa 6 tsakanin sha da sha. Na yaro da nauyinshi ake lissafa shi. Diklofenak da ibuprofen, waɗanda manoma ke haɗiya da asuba kafin su ɗauki hauya, suna cin tumbi har a yi aman jini ko baƙin kashi, suna kuma raunana ƙoda, balle ga wanda ya wuni cikin rana bai sha ruwa ba. Mace mai tsohon ciki ba ta shan su. Kafso ɗin tetrasiklin mai kai ja da rawaya yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba. Ƙwayoyin ƙiba da ƴan mata ke sha gab da biki, da yawansu deksametazon ne: fuska ta kumbura, a ce amarya ta yi kyau, a ƙarƙashi kuwa hawan jini ne da ciwon suga ke tahowa. Tramol kuma, wanda samari ke sha don kada su ji gajiya, yakan kā da mutum da farfaɗiya, in ya kama shi kuma barinshi sai da wuya.

Duk wannan in maganin na ƙwarai ne ke nan. Wanda ke bisa tebur ba wanda ya san inda ya fito. Iyaka ba ta da nisa da garuruwan ga, kaya na shigowa ta kowace ɓarauniyar hanya. Mafi yawan magunguna ba a so zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30, ga shi a bazara zafin jihar Maraɗi na wuce 40, tire kuwa cikin rana yake wuni.

Ƙasar Nijar ta ɗanɗana ɗacin jabu. A 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau, an yi ma fiye da mutum 50.000 allurar rigakafi da ta zo kyauta daga Nijeriya, daga baya anka gane ba rigakafi cikinta. OMS ta ƙiyasta mutum 2.500 sunka rasu dalilin haka. A 2015 ma ta yi gargaɗi bisa jabun rigakafin sanƙarau da anka gano a Yamai. A Nijeriya, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, ruwan maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84, har da na Zariya. An samu guba cikinshi mai kashe ƙoda. Irin gubar ce ta kashe yara wajen 70 a ƙasar Gambiya a 2022, cikin ruwan maganin tari da mura da anka kawo daga Indiya. Iyayen yaran ga ba sakaci sunka yi ba, lafiya sunka nemar ma ɗiyansu. Alamar da anka gani wurin yaran ita ce fitsari ya ɗauke. Duk yaron da ya sha ruwan kwalba ya wuni bai yi fitsari ba, a kai shi likita ranar, tare da kwalbar.

Masu tebur sukan ce ai likita ma magani na yankewa, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Amma ko ranar da ba magani, majo zai soki yatsan yaro ya auna jini, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko masassarar sauro ce ko wani ciwo ne daban, ya rubuta takardar abin da za a saya a faramasi da yadda za a sha. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗɗin magani. A 2013 kuma anka soma ba yara ƴan wata 3 zuwa wata 59 ƙwayar kariya daga masassara lokacin damina, kuma Gidan Runji na cikin gundumomin farko da sunka samu. Wata-wata ake ba da ita, ana shanta kwana 3 a jere. Ta ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, sauran biyun uwa ce ke ba da su a gida. Wasu kan ɓoye su wai sai yaro ya kwanta, wasu su raba ma yayyenshi. Wanda ya sha ta kwana ɗaya kaɗai bai samu cikakkiyar kariya ba.

Mai zuwa likita ya tafi da kwali ko ledar duk abin da majinyaci ya riga ya sha a gida, ko na tebur ne ko sassaƙe, ya faɗi gaskiya ko majo zai yi faɗa. Mace mai ciki ko mai goyo ta faɗa tun kafin a rubuta mata takarda. Wanda wani magani ya taɓa fesa ma ƙuraje, ko ya kumbura mashi leɓe da ido, ya sa ɗan makaranta ko ɗalibin yaƙi da jahilci ya rubuta mashi sunan maganin a takarda, ya riƙa nuna ta duk likitar da ya shiga.