Ina Ruwan Tsohon Ɗalibi Da Cinikin Makaranta?

Yau Amurka za mu leƙa. A 2013 masu makarantar koyon aikin lauya ta Charleston suka shirya sayar da ita ga InfiLaw, kamfanin da ke da irin waɗannan makarantu uku don neman riba. Tsofaffin ɗalibai suka ce sam.

Wani zai ce, to ai sun gama, ina ruwansu? Sunan makarantar ne fa a jikin kwalinsu. In aka koma ɗibar kowa saboda kuɗi, ɗalibai suna ta faɗuwa jarrabawar zama lauya, darajar kwalin ce za ta zube. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Cinikin bai yiwu ba. Makarantun InfiLaw ukun nan kuwa duk an rufe su, ta Charlotte tun 2017.