Ergonomi: karatun da ke tuhumar na'ura kafin ya tuhumi mai aiki da ita

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, sojojin saman Amurka sun rasa gane abin da ke sa jiragen B-17 su sauka lafiya, sannan su zube a kan cikinsu a filin jirgi. Rahotanni sukan ce kuskuren matuƙi ne. Wani matashin hafsa masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba da idonsa. Makunnin da ke naɗe tayoyi da wanda ke sarrafa fiffiken rage gudu suna dab da juna, kuma kamanninsu ɗaya. Matuƙin da ya dawo a gajiye yakan kai hannu ga wannan alhali wancan yake nufi. Aka liƙa ƴar taya ta roba a kan ɗaya, aka yi wa ɗayan siffar fiffike, yadda hannu zai bambance su ko ba a duba ba. Irin wannan haɗarin ya ragu ƙwarai.

Daga irin wannan aiki ne aka sami fannin da masu Faransanci ke kira ergonomi, wato ilimin daidaita kayan aiki da ƙarfin mutum da hankalinsa da gajiyarsa. A tsarin jami'o'in da yawancinmu muka sani, fanni ne da aka fi ƙwarewa a kansa a matakin masta, shekara biyu bayan lisans ta shekara uku. Ƙofarsa a buɗe take ga wanda ya karanci ilimin halayya, ko injiniyanci, ko kiwon lafiya, ko kwamfuta. Ana koyon yadda jiki ke aiki, da yadda mutum ke tuna abu ya kuma manta shi, sannan a tura ɗalibi wata ma'aikata ya yi watanni yana nazarin aiki na gaske.

Wannan zaman kallon shi ne ƙashin bayan tsarin Faransa. Malamansa suna bambanta aikin da aka rubuta a takarda da aikin da ma'aikaci yake yi a zahiri. Takarda ta ce unguwarzoma ta cike rajista bayan kowace haihuwa. A zahiri mata uku ne ke naƙuda, wuta ta ɗauke, sai ta rubuta a guntun kwali ta kwafe da safe. Shugabanta zai ce sakaci ne. Ɗalibin ergonomi kuwa tambaya zai yi: wa ya tsara rajistar, kuma ya taɓa kwana a ɗakin haihuwa?

Mutumin da ya fi jawo wannan ilimi zuwa ga matsalolinmu shi ne Alain Wisner, likita wanda ya yi aiki a kamfanin motoci na Renault kafin ya shugabanci sashen ergonomi a makarantar CNAM da ke Paris. Ya lura cewa ana kwaso masana'anta sukutum daga Turai a dasa ta a ƙasa mai zafi, inda lantarki ke yankewa, kayan gyara ke daɗewa a hanya, littafin umarni kuma yana cikin harshen da ma'aikata ba sa ji sosai. In ta lalace sai a ce mutanen ne ba su iya ba. A kan haka ya wallafa littafinsa na 1985, Quand voyagent les usines. Cikin ɗalibansa akwai Karim Meckassoua, wanda ya yi bincikensa a wata masana'anta a Bangui, ya kuma zama shugaban majalisar dokokin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya a 2016.

A ganina, a nan ne ɗan Bahaushen Garwa ko Njamena ko zangon Abijan yake da wata fa'ida da bai cika ganin darajarta ba. Tun yana yaro shi ke tafinta tsakanin gida da asibiti, tsakanin kasuwa da ofis. Ya san ƴar kasuwar da ke miƙa wayarta da lambar sirrinta ga yaron maƙwabta domin jerin zaɓin tura kuɗi da Faransanci yake, kuma yana ɓacewa kafin ta gama lalube. Injiniyan da ya tsara abin ba zai ji wannan labari ba, don ita ba za ta faɗa wa baƙo ba. Kunya take ji, tana ganin laifin nata ne. Wanda zai zauna a rumfarta ya ji ta da harshenta shi zai koma da gyaran.

Sai dai wanda ya ɗauki wannan hanya ya shiga da idonsa a buɗe. A Faransa akwai gurbin masanin ergonomi a asibitoci da kamfanonin jiragen ƙasa da na sama da hukumomin lafiyar ma'aikata. A ƙasashenmu da wuya ka ga an tallata aiki da wannan suna. Galibi sai dai ka shiga da rigar jami'in kare lafiyar ma'aikata a ma'adinai ko masana'anta, ko mai binciken masu amfani da manhaja. Kafin ka biya kuɗin kowace makaranta, tambayi wata nawa ɗalibanta ke yi a wurin aiki, kuma ko za su yarda ka yi naka binciken a gida.