TURARE KAMAR GISHIRI NE, KAƊAN YA ISA

A ƙasarmu kowa na son turare. Ranar Juma'a, ranar salla, wurin biki da wurin suna, maza da mata suna shafa shi. Akwai na kwalba irin Bint el Sudan, wanda aka fara yi tun 1920. Akwai humra da mata ke haɗawa da hannunsu. Akwai kuma turaren wuta da ake sa wa ɗaki da tufafi. Duka abu ne mai kyau. Amma wasu suna zuba shi har ya zama wahala ga jama'a.

Mi ke sa mutum ya cika turare?

Dalili na farko yana cikin hanci. Hancin mutum yana sabawa da ƙamshi ko wari cikin mintoci kaɗan. Majemi a Damagaram yana wuni cikin fatu, bai jin warinsu, amma baƙo tun daga nesa yake toshe hanci. Haka mai turare yake. In ya shafa, ba da jimawa ba sai ya daina jin ƙamshin. Sai ya ce turaren ya tafi, ya ƙara. Alhali turaren yana nan, mutanen da ke kusa da shi suna jinsa sarai.

Dalili na biyu shi ne zufa. Lokacin bazara wasu suna zuba turare don ɓoye warin jiki. Turare bai kashe warin zufa. Su biyun suna haɗuwa, abin ya fi na da muni. Maganin zufa ruwa ne da sabulu da wankin tufafi.

Dalili na uku shi ne alfahari, don a san mutum yana da kuɗi.

Wa ke shan wahala?

Mai ciwon fuka, ƙamshi mai ƙarfi yana iya tada masa ciwonsa, numfashi ya gagare shi. Mace mai ƙaramin ciki tana iya jin tashin zuciya. Wasu kansu ke ciwo. Jinjiri kuwa fatarsa ba ta da ƙwari, turare yana iya sa masa ƙuraje. A cikin motar kasuwa ko cikin sahun masallaci, waɗannan mutane ba su da wurin gudu.

Aljihu ma yana shan wahala. Kwalbar da ta isa wata biyu sai ta ƙare cikin sati biyu.

Yaya ya kamata a yi?

1. A yi wanka tukuna, a sa tufafi masu tsabta.
2. Ɗigo 1 ko 2 ya isa. A shafa a wuyan hannu da bayan kunne.
3. Kada a ƙara don an daina jin ƙamshin. A tambayi wani na gida, hancinsa bai saba ba.
4. Kada a shafa wa jinjiri turare a jiki. Uwa mai ba da nono kada ta sa a ƙirjinta.
5. Mai zuwa likita ko gaida maras lafiya ya bar turare gida.
6. Turaren wuta, a bar ƙofa da taga a buɗe. Kada a kwana da kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki, ko lokacin ɗari, don iskar gawayi tana kisa.
7. Turaren fesawa yana kama wuta. Kada a fesa shi kusa da murhu ko fitila.
8. A ajiye kwalba cikin inuwa, inda hannun yara bai kai. In yaro ya sha, a kai shi likita nan da nan.

Ga ma'auni mai sauƙi. In wanda ya ba ka hannu kuka gaisa ya ji ƙamshin, turaren ya yi daidai. In na bakin ƙofa ya ji shi tun mutum bai shigo ba, ya yi yawa, gobe sai a rage.