Ƙaron Itace da Ciwon Gaɓoɓi

In ka shiga kasuwar Dembe a Njamena, za ka tarar da ƙaro iri-iri. Akwai na dakwara, wanda Cadi ke sayarwa ƙasashen waje, akwai kuma lubban da ake turare da shi. Itacen lubban ɗan'uwan hano ne, wato ararrabi, wanda iyayenmu ke jiƙa ɓawonsa saboda ciwon gaɓoɓi.

Masu bincike sun sami sinadarin da ke rage kumburi a cikin lubban. Sai dai ba ya narkewa sosai a ruwa. In ka sha, kaɗan hanji ke tsotsewa, saura ya bi bayan gida. Shi ya sa ake gwada ƙunshe shi cikin 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin mai da ido ba ya gani, masu suna lifosom, don ya fi shiga jini. Wani likitan Ingila, Alec Bangham, ya gano su a shekarun 1960. Dabarar ta yi amfani a allurar AmBisome da ake yi wa masu cutar kala-azar.

Na lubban kuwa har yanzu gwaji ake yi. Saboda haka kada ka ajiye maganin da likita ya ba ka don wani ya ce ya zo da sabon maganin ƙaro. Mai ciki kada ta sha. In gwiwarka ta kumbura, tana zafi, ga zazzaɓi, je asibiti a ranar. Wataƙila mugunya ce ta taru a ciki, in ta kwana biyu tana iya lalata gaɓar.